Daga Daji zuwa Ɗakin Ibada: Cocin Wusasa, Masallacin Zariya da Darasin Notre-Dame ga Ƙasar Birnin Gwari

Tsakure

Wannan takarda ta dubi gine-ginen ibada guda uku: babbar majami'ar Notre-Dame da ke Faris, Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina, da cocin St. Bartholomew na Wusasa wanda aka yi da ƙasa da azara a 1929. An kwatanta su ta fuskar yadda kowanne ya ɗauki nauyin rufinsa, da yadda ya sarrafa haske, da irin adon da ya yarda ya shiga cikinsa. Takardar ta nuna cewa fasahar bakan gizo ta maginan Hausa ta isa ta ɗauki masallaci, ta kuma ɗauki coci, ba tare da ta ari komai daga waje ba. Ta kuma nuna cewa ginin tarihi yana rayuwa ne muddin dajin da ya ba shi itace da maginin da ya san sirrinsa suna raye. Da wannan ne Faransa ta tayar da Notre-Dame bayan gobarar 2019, kuma a nan ne ƙasar Birnin Gwari take da rawar takawa.

1.0 Gabatarwa



Mai sauraro zai iya tambaya, me ya haɗa mutumin Gwaska ko Kuyello ko Dogon Dawa da wata majami'a da ke tsakiyar kogin Sen? Abu biyu ne. Na farko, katakon da ya riƙe rufin Notre-Dame shekara ɗari takwas, Faransawa da kansu "daji" suke kiransa, saboda yawan itatuwan da aka sare kafin a haɗa shi. Mu kuwa a bakin daji muke zaune. Na biyu, labarin magini mafi shahara a ƙasar Hausa, wato Babban Gwani, a Birnin Gwari yake ƙarewa. Duk wanda ya karanta tarihin gine-ginen Hausa ya ci karo da sunan garin nan.

Takardar ta dogara ne da ayyukan masanan da suka auna gine-ginen Hausa suka rubuta su, irin su Zbigniew Dmochowski da J. C. Moughtin da Hamman Tukur Sa'ad, da labaran baka da ake bayarwa a Zazzau, da kuma abin da duniya ta gani a aikin gyaran Notre-Dame tsakanin 2019 da 2024.

2.0 Notre-Dame: Dutse, Gilashi da Daji

An aza harsashin Notre-Dame a 1163, zamanin Bishop Maurice de Sully, aka shafe kusan ƙarni biyu ana aiki. Wanda ya haƙa tushe bai ga rufi ba, wanda ya yi rufi bai ga hasumiya ba. Salon da aka bi shi ake kira Gotik, wanda ya fara bayyana sosai a majami'ar Saint-Denis da ke arewacin Faris, inda Suger, shugaban gidan ibadar, ya sake gina ɓangaren bagade tsakanin 1140 da 1144.

Matsalar da maginan Gotik suka sa a gaba ita ce yadda za a ɗaga rufin dutse sama ƙwarai, a kuma huda bango don haske ya shigo, ba tare da ginin ya rushe ba. Dutse yana jure danni, amma idan aka yi baka da shi, nauyinsa yakan tura bango waje. Sai suka fito da dabaru uku. Suka yi baka mai tsini, wanda yake sauke nauyi ƙasa fiye da yadda yake tura shi gefe. Suka yi haƙarƙarin dutse a ƙarƙashin rufi, wanda yake tattara nauyi ya kai shi kan ginshiƙai. Sannan suka yi tokarar dutse daga waje, wadda take dafe bango daga nesa kamar yadda manomi yake tokare rumbu. Da haka rufin cikin Notre-Dame ya kai kimanin mita 33, hasumiyoyinta biyu na gaba suka kai mita 69.

Da bango ya huta da ɗaukar kaya, sai aka cika shi da gilasai masu launi. Manyan tagogin nan masu siffar fure na kudu da arewa, waɗanda aka yi a tsakiyar ƙarni na 13, faɗin kowace ya kai kimanin mita 13. A wurin Suger da mutanen zamaninsa, hasken da ya ratso gilashi ya sauka a kan mai ibada ishara ne ga hasken Ubangiji. Sassaƙen da ke bakin ƙofofi kuwa wa'azi ne ga jama'ar da yawancinta ba ta iya karatu ba. A ƙofar tsakiya an sassaƙa ranar hisabi: matattu suna tashi daga kaburbura, Mala'ika Mika'ilu yana riƙe da ma'auni, ana raba mutane dama da hagu. A sama da ƙofofin akwai jerin mutum-mutumin sarakunan Yahuza 28, waɗanda na asalinsu 'yan juyin juya halin Faransa suka fille wa kai a 1793 bisa zaton sarakunan Faransa ne. Sai a 1977 aka tono yawancin kawunan a ƙarƙashin wani gida a Faris.

Wannan ya nuna ginin ya sha wahala tun kafin gobara. A farkon ƙarni na 19 ya lalace ƙwarai, sai littafin da Victor Hugo ya fitar a 1831 ya farkar da jama'a, aka ɗora wa Eugène Viollet-le-Duc da abokin aikinsa gyara daga 1844. Viollet-le-Duc ne ya ɗora siririyar hasumiyar katako da dalma mai tsawon mita 96, wadda duniya ta kalli faɗuwarta a yammacin 15 ga Afrilun 2019.

3.0 Babban Gwani da Harshen Ginin Hausa

Shekara kaɗan kafin Viollet-le-Duc ya fara gyaransa a Faris, wani magini yana aikin da ya fi kowane shahara a Zariya. Sunansa Malam Mika'ilu, ana kuma kiransa Muhammadu Durugu, amma laƙabin Babban Gwani ya danne sunayen duka. Ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ana danganta masa wasu soraye a Kano da Bauci da gidan Madaki na Kafin Madaki, kuma har yau akwai unguwa a birnin Zariya mai amsa sunansa.

Matsalarsa ta yi kama da ta maginan Faris: yana son fili mai faɗi wanda sahu zai miƙe a cikinsa, da rufi mai tsawo. Amma kayan aikinsa dabam ne. Yana da jar ƙasa, wadda ake kwaɓawa da ciyawa a bar ta ta ruɓa, a mulmula tubali a shanya. Yana da azara, wadda ake tsagawa daga kututturen giginya, musamman namijinta, saboda tauri da kuma yadda gara ba ta cika cin ta ba. Sai dai azara tana da iyaka. Idan aka shimfiɗa ta aka ɗora mata ƙasa, ba ta wuce tazarar kimanin mita biyu sai ta fara lanƙwasa. Duk hikimar ginin Hausa ta taru ne a kan yadda za a tsallake wannan iyaka.

Amsar ita ce baka. Magini yakan dasa azara a cikin bango ko ginshiƙi, ya karkato da ita ciki, ya ɗaure wata a kanta ta ɗan zarce ta farko, ya lulluɓe da ƙasa, ya jira ta bushe, ya sake ɗora wata. Haka ƙafa biyu za su riƙa matsowa daga ɓangarori biyu har su haɗu a sama. Idan bakuna suka gitta juna, sai su raba rufin zuwa ƙananan gurabe waɗanda azara za ta iya rufewa, a ɗora tulluwa a kai. Daga nan aka sami sunaye irin su bakan gizo da ɗaurin guga da ƙafar kaza, kowanne da yadda ake sarƙa shi.

A ido, bakan Hausa da haƙarƙarin Gotik 'yan uwan juna ne. A aiki kuwa sun bambanta. Bakan dutse duwatsu ne da suke danne juna, shi ya sa yake buƙatar tokara daga waje. Bakan Hausa itace ne a ciki, ƙasa a waje. Azara tana jure ja, ƙasa tana jure danni, kuma nauyin bango mai kaurin gindi shi yake riƙe jelar azarar kada ta ɗago. Wannan tunani ne irin wanda injiniyoyi suke amfani da shi a yau idan sun sa rodi a cikin kankare. Maginan Hausa sun kai gare shi da hannu da ido, ba takarda ba alƙalami.

Wajen haske ma hanya ta rabu. Maginin Faris yana zaune a ƙasar sanyi da hazo, don haka yake farautar rana. Maginin Zariya yana gudun ta ne. Ya yi bango mai kauri, ya bar 'yan tagogi ƙanana a sama, domin mai shigowa daga zafin azahar ya tarar da sanyi da duhu-duhu mai kwantar da zuciya. Natsuwar da wancan ya nema a cikin launi, wannan ya same ta a cikin inuwa. Ado kuma, tun da Musulunci bai yarda da siffar mai rai a masallaci ba, Babban Gwani ya zuba gwanintarsa a jikin ginshiƙai da bakuna, ya yi musu zane mai zurfi na layuka da kusurwoyi da da'irori, wanda ɗan hasken da ke shigowa yake fito da shi.

A Zazzau ana ba da labarin cewa da dare yake gini, ma'aikata su tara masa tubali da kwaɓi da rana, gari ya waye a ga bango ya tashi. Ana kuma cewa bayan ya gama na Zariya, Sarkin Birnin Gwari na lokacin ya kira shi ya gina masa masallaci, da ya gama sai aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Labarin baka ne, kuma irinsa yana yawo a kan manyan magina a ƙasashe da dama. Abin da ya kamata manazarci ya ɗauka daga ciki shi ne matsayin da jama'a suka ba gwani: sun ɗauke shi dukiyar da sarakuna za su yi kishi a kanta. Labarin ya kuma shaida cewa a ƙarni na 19 ana lissafa Birnin Gwari cikin garuruwan da suka isa su kira magini mafi tsada a ƙasar Hausa.

4.0 Cocin Wusasa: Bakan Gizo a Kan Bagade

A 1900 wata tawagar mishan ta ƙungiyar CMS ta cocin Angilika, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, ta isa Kano. Sarki Alu bai karɓe su ba, ya umarce su da su fita. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda daga 1905 ya zauna a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. Shi ne ginshiƙin aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932. A 1929 mishan ɗin ya tashi daga cikin ganuwa ya koma Wusasa, kusa da Dutsen Kufena, a ƙarƙashin jagorancin Guy Bullen. A nan aka gina cocin St. Bartholomew.

Abin lura shi ne zaɓin da aka yi. A Legas da Abekuta da Onica, majami'un mishan sun kwaikwayi na Ingila ne, da tagogi masu tsini da hasumiyar ƙararrawa. A Wusasa kuwa maginan ƙasa aka sa, suka yi aiki da tubali da azara, suka ɗaga rufi a kan bakuna irin waɗanda suka gāda. Wanda ya saba shiga soron sarki ko zauren attajiri a Zazzau, idan ya shiga wannan coci ba zai ji baƙunta ba. Ina ganin dalilai uku ne suka sa haka ta yiwu.

Dalili na farko jama'ar ce. Kiristocin Wusasa na farko Hausawa ne da Fulani, kuma da Hausa suke addu'a da waƙa. Daga cikin wannan al'umma aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko daga Arewa, da John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Mutanen da suka karɓi littafinsu da Hausa, ba abin mamaki ba ne su so ɗakin ibadarsu ya yi magana da Hausa.

Dalili na biyu aƙida ce. CMS ta fito ne daga ɓangaren Angilika wanda ya fi ba wa'azi da karatun littafi muhimmanci, ba ya cika coci da mutum-mutumi kamar yadda ake gani a Notre-Dame ta Katolika. Saboda haka adon Hausa, wanda ya ginu a kan zane marar siffar mai rai, ya dace da buƙatarsu ba tare da an tilasta shi ba. Abin da Musulunci ya horar da hannun magini a kansa, shi ne abin da wannan coci yake nema.

Dalili na uku fasahar ce kanta. Masallaci yana son faɗi, domin sahu ya miƙe yana fuskantar alƙibla. Coci yana son tsawo, domin ido ya tafi daga ƙofa zuwa bagade. Baka yana iya biyan buƙata biyun: a gitta shi ya ba da fili mai tulluwa, a jera shi ɗaya bayan ɗaya ya ba da doguwar hanya. Wannan sassauci shi ne hujjar cewa ginin Hausa cikakken tsari ne mai ƙa'idojinsa, wanda za a iya faɗin sabuwar magana da shi.

A jihar da ta sha zubar da jini da sunan addini, wannan gini yana da abin faɗa. Masallacin Zariya da cocin Wusasa ƙasa ɗaya aka kwaɓa musu, itace ɗaya ya riƙe su, kuma sana'a ɗaya ta tayar da su. Ya dace a riƙa kai 'yan makaranta, Musulmi da Kirista, su ga biyun a yini guda.

5.0 Yadda Gini Yake Mutuwa, da Yadda Yake Tashi

Da rufin Notre-Dame ya ƙone, an yi ta muhawara ko a mayar da shi da ƙarfe ko kankare. Daga ƙarshe aka yanke a mayar da shi yadda yake, da itacen ok da dalma. Kuɗi sun samu, gudummawa ta haura Yuro miliyan 800. Amma kuɗi ba su fitar da itace mai shekara ɗari biyu. Abubuwa uku ne suka sa aikin ya yiwu har aka sake buɗe majami'ar ranar 7 ga Disamban 2024.

Akwai daji. Tun dokar gandun daji ta 1669, zamanin minista Colbert, Faransa take renon itatuwan da ba wanda ya shuka su zai mora ba. Daga irin waɗannan dazuzzuka, ciki har da na Bercé, aka zaɓo itatuwa kimanin dubu biyu. Akwai masu sana'a. An sami kafintocin da har yanzu suka iya feƙe gungume da gatari kamar mutanen ƙarni na 13, wasunsu sun koyi hannu ne a Guédelon, inda tun 1997 ake gina fada mai ganuwa da kayan aikin dā. Akwai kuma awo. Masanin tarihin gine-gine Andrew Tallon ya riga ya auna majami'ar ciki da waje da na'urar leza shekaru kaɗan kafin gobarar.

Mu auna kanmu da waɗannan ukun. Ta fuskar awo muna da ɗan abin riƙewa. Dmochowski da ɗalibansa sun auna Masallacin Zariya, kuma da wannan awo aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Shi kansa masallacin na asali, a shekarun 1970 an lulluɓe abin da ya rage na cikinsa da sabon ginin kankare, siffarsa ta waje ta ɓace.

Ta fuskar masu sana'a muna cikin hasara. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk bayan damina, yana son a share indararo, a shafe rufi da laso ko makuba. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samun ta, katsin da ake haɗa laso da shi kuma daga karofi. Idan marina sun rufe, aka sare ɗorawa aka yi gawayi, ɗan magini ya koma acaɓa, to gini ya rasa masu jinyarsa. Abin da yakan biyo baya shi ne a shafe bangon ƙasa da siminti da niyyar alheri. Siminti ba ya barin ƙasa ta yi numfashi, danshi yakan taru a bayansa, bango ya ruɓe daga ciki, wata rana ɓawon ya zube da abin da ke bayansa. Amma sana'ar ba ta mutu ba. A Yama ta jihar Tawa, Falke Barmu ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, aikin da ya ci lambar Aga Khan a 1986. Hasumiyar Agadas, wadda aka fara a 1515 aka sabunta a 1844, tana nan tsaye saboda ba a daina yaɓa ta ba.

Ta fuskar daji kuwa, nan ne maganar ta zo gida. Gandun Dajin Kamuku, wanda ya zama na ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100. Shekaru da dama ba masu bincike ba ne a cikinsa, 'yan bindiga ne. Mutanen Gwaska ba su manta da harin watan Mayun 2018 ba, haka ma ƙauyuka da yawa da aka tasa. Inda babu tsaro babu mai gadin itace, mai zarto da mai gawayi su suke cin karensu ba babbaka. Giginya kuwa ba ta gaggawa. Tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin kututturenta ya yi taurin da za a tsaga azara, kuma 'ya'yan da za su zama sababbin itatuwa su ne ake binnewa a tone a ci muruci. Idan ana sarewa ba a dasawa, ranar da bakan Wusasa ko na Zariya zai nemi sabuwar azara, za a neme ta a rasa.

Hausawa suna cewa inuwar giginya na nesa ka sha ta. Karin maganar ya faɗa kanmu ta hanya biyu. Giginyar fadamunmu birane take yi wa rufi. Fasahar kakanninmu kuma, baƙi daga Folan da Ingila da Jamus ne suka fara auna ta suka rubuta, mu da muke gindinta muna rushewa muna zuba bulo.

6.0 Shawarwari

A ƙarshen watan Nuwamban 2024, kwanaki kaɗan kafin a buɗe Notre-Dame, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan sulhu da 'yan bindiga. Duk wata sararawa da aka samu dama ce ta fara aikin da sai da kwanciyar hankali ake yin sa. Ina ba da shawarwari huɗu.

Na ɗaya, Masarautar Birnin Gwari da hukumar Gandun Dajin Kamuku su ware fadamun da za a riƙa dasa giginya da ɗorawa, a ɗora wa dagatai da masu unguwanni kula da su, a kuma sa ƙa'idar cewa wanda ya sare ɗaya ya dasa goma.

Na biyu, Sashen Tsara Gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello ya tura ɗalibai Tsohuwar Birnin Gwari su auna duk abin da ya rage na tsofaffin soraye da ganuwa da masallatai, su kuma naɗi abin da dattawa suke riƙe da shi game da Babban Gwani. Labarin da ake bayarwa a kanmu daga Zazzau ya kamata a ji shi daga bakin mutanen nan.

Na uku, a rubuta sunayen maginan da suka rage waɗanda suka iya ɗaura baka, ta hannun Sarakunan Magina, a ba su aikin yi na gaske. Hanya mafi sauƙi ita ce masarautu da ƙananan hukumomi su riƙa gina zaure ko ɗakin karatu ɗaya da ƙasa da azara, a haɗa kowane gwani da yara masu koyo. Sana'a a bakin aiki ake gādon ta.

Na huɗu, Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta zauna da Masarautar Zazzau da shugabannin cocin Angilika na Wusasa su tsara gyaran shekara-shekara na gine-ginen biyu da ayarin magina ɗaya, a kuma hana shafa siminti a jikin tsohuwar ƙasa.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa maginan Faris da na Zazzau tambaya ɗaya suka fuskanta, wato yadda za a yi wa mai ibada rufi mai tsawo wanda zai sa ya ji ƙanƙantar kansa a gaban Mahaliccinsa. Waɗancan sun amsa da dutse da gilashi, namu sun amsa da ƙasa da giginya, kuma amsar tamu ta wadatar da masallaci a ƙarni na 19, ta wadatar da coci a 1929. Notre-Dame ta tashi cikin shekara biyar domin wasu sun shuka mata itace tun ƙarnuka da suka wuce, wasu kuma sun riƙe gatarin kakanninsu.

Labarin baka ya ce a ƙasar nan hannun Babban Gwani ya tsaya. Ina roƙon iyayenmu sarakuna da malamai da matasan Birnin Gwari, mu sa a wayi gari ana cewa a nan kuma sana'arsa ta sake tsiro. Abin da ake buƙata don farawa yana hannunmu: ƙwallon giginya, fadama, da damina mai zuwa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.